Ranar da Na Bar Jarrabawar Tuƙin Jirgi Na Tafi Masallaci

Ko na so in manta, ba zan taɓa mantawa da wata Talata a unguwar Rusaifa ba, ranar da na yi wa mutum ashirin wa'azin da ba wanda ya roƙe ni, sannan ni kaɗai na kwana ciki. Har yau idan aiki ya biyo da ni ta titin nakan ƙara wuta, in kau da kai daga wani bene mai shuɗin gilashi.

Ni mutumin Yawuri ne, Basarke, wato jinin masunta, gaba da baya. A cikin jirgi na yi wayo. Mahaifina da kwalekwale ya ciyar da mu, ni kuma da na taso na kama jirgi mai inji, ina tsallakar da mutane da buhunan albasa da babura ranar kasuwa. Shekara goma sha huɗu na yi a kan ruwa ban taɓa jiƙa wa kowa kaya ba (sai akuya guda, ita ma da kanta ta yi tsalle). Sai Allah ya kawo ni Makka a matsayin direban gida, garin da in ka cire Zamzam da ruwan tanki, ko'ina ka duba dutse ne. Shekarata goma sha ɗaya ke nan ina tuƙa babbar mota fara, in kai yara makaranta, in kai uwarsu kasuwa, in tsaya a bakin ƙofa ina jira.

Ɗakina yana jikin gareji, ƙofarsa ta kalli titi, don haka ba wanda hanya ke biyowa da shi ta wajena. Sai in wuni ban ce komai ba in ban da "to" da "na iso". Ranar Juma'a nakan je unguwar Tandabawi in ci tuwo, in ji Hausa a kunnena. Mutanen kirki ne, Kanawa da Damagarawa da 'yan Maraɗi, sai dai ba ɗan bakin ruwa ko ɗaya a cikinsu. Da na fara labarin yadda ake gane wuri mai zurfi daga launin ruwa, sai in ga kowa ya tuna yana da waya a aljihu. Tun ina jin haushi har na daina ɗauko zancen.

Kafilina, wato maigidan da takardar zamana ke hannunsa, dattijo ne da ake kira Abu Faisal. Wata rana ina mai da shi gida daga asibiti ya ce ya saya wa 'ya'yansa ƙaramin jirgin shan iska da kamun kifi, yana can gaɓar teku a Shu'aiba, tafiyar awa ɗaya da 'yan kai daga Makka. Ya tuna na taɓa ce masa na san ruwa. Ya ce in na kawo rukhsa, wato lasisin tuƙin jirgi, kafin a ba yara hutu, jirgin yana hannuna, zan koma can da zama kusa da masunta, ya nemi wani direban mota. In ban kawo ba, dole ya ɗauki wani, don yaran ba za su jira ba.

Na ce masa in Allah ya yarda, a sanyaye, kamar ba komai ba. Amma saura kaɗan in hau kan shataletale.

Neman ranar jarrabawar ma jarrabawa ce. A waya ake yi, sai ka zaɓi cibiya ka zaɓi lokaci, abin da suke kira maw'id. Na yi mamakin samun cibiya a cikin Makka, garin da ba a taɓa ganin ko kwalekwale ba, ashe wurin kwamfutoci ne kawai, kowace sana'a nan ake zuwa, daga masu aikin jinya har masu gyaran wuta. Duk lokutan safe sun ci karo da kai yara makaranta. Gurbi ɗaya ya rage kafin hutu, Talata ƙarfe uku na rana, kuma wanda ya faɗi sai ya jira wata guda kafin ya sake, ga shi hutu saura mako uku. Na danna da sauri kada wani ya riga ni. Sai wani dogon shafi na dokoki ya fito, na ja shi ƙasa da babban yatsa har ƙarshe, na danna na yarda. Ban karanta ko layi ɗaya ba, kuma kada wani ya yi mini kallon banza, na san kowa haka yake yi.

A mota na yi karatun, a ƙofar makarantar yara, littafi a kan sitiyari. Larabcina na allo ne da na titi, na littafin nan kuwa wani iri ne daban. Jar fitila a hagu, koriya a dama. Wa zai kauce wa wa idan jirage biyu suka haɗu. Busa ɗaya me take nufi, busa biyar me take nufi. A Yawuri duk wannan da ihu da ɗaga hannu muke gama shi. Ba ni da mai yi mini tambaya, sai ni zan tambayi kaina, in ba kaina amsa, in kuma yi wa kaina maki. A wannan tsarin ban taɓa faɗuwa ba.

Mutum ɗaya na gaya wa, Rabi, uwar 'ya'yana, a waya. Ta ce dama tun da na bar ruwa muryata ta bushe. Ta ce za ta yi sadakar ƙosai ranar Talatar.

Ranar na sa farar jallabiyata ta Idi, na isa tun biyu da rabi. Cibiyar tana hawa na huɗu, a saman wani kantin kujeru. Mai kula da ɗakin jarrabawa wani Usman ne, ɗan shekara talatin da wani abu, da ya ga sunan garinmu a takardata sai ya yi murmushi ya gaishe ni da Hausa. A unguwar Jarwal, nan Makka, aka haife shi, kakansa ne ya zo daga Katsina a ƙasa. Hausarsa tana ɗingishi, rabi Larabci ce, yana ce mini "ya ammi", wato baffa. Ya sa na zuba waya da agogo da makullin mota a wani ɗan akwatin ƙarfe, ya duba aljihuna da hannun rigata, ya kai ni kujera ta goma sha biyu. Tambaya hamsin, awa ɗaya da rabi, ga agogo a kusurwar kwamfutar yana cin lokaci a gaban idona.

Goma na farko na wuce su ina jin kaina. Har na fara tausayin na kusa da ni, wani mai ƙaton ciki da ke ta share gumi. Daga ta goma sha ɗaya abin ya fara canza fuska. Da na iso ta goma sha takwas sai ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Hoton jirgi ne da fitilu biyu jajaye, ɗaya a bisa ɗaya, wai me yake sanarwa. Na san na ga hoton nan a littafi, na ma tuna a shafin hagu yake, kusa da inda shayi ya zube mini. Amma abin da aka rubuta a ƙasansa ya tafi. Amsoshi huɗun duk suka zama daidai a idona. Na leƙa ta goma sha tara, ta fi ta muni, taswira ce da lambobi. (Daga baya na duba, ashe alamar jirgin da ya kasa sarrafa kansa ce, kowa ya yi nesa da shi. Ni ya kamata a maƙala wa fitilun nan ranar.)

Ina cikin wannan hali sai masallacin bayan benen ya kira La'asar.

Wanda bai zauna a Makka ba ba zai gane abin da kiran nan ya yi mini ba. Shekara goma sha ɗaya jikina ya saba, da an kira sallah komai tsayawa yake. Mai kanti ya ja ƙofa, mai banki ya rufe taga, mai magani ya ce ka dawo bayan sallah. In kana layi ka bar gurbinka, ka dawo ka tarar da shi yana jiranka, ba mai cewa uffan. Yanzu wasu kantunan sun daina rufewa, amma ni a kaina garin nan bai taɓa hukunta mutum don ya tafi sallah ba. Wannan ita ce hujjar da nake ba mutane. Gaskiyar kuwa, da kiran ya zo ina tambaya ta biyar, lokacin da nake jin kaina, da ko motsi ba zan yi ba. Wani sanyi na ji a raina, na wanda aka buɗe wa ƙofar baya.

Na ture kujera na miƙe. Usman ya taho da sauri, ya sunkuyo yana raɗa.

"Ya ammi, ina zuwa?"

Na ce sallah, ko bai ji kira ba ne?

"Na ji wallahi. Amma agogo ba ya tsayawa, ni ma ba ni da ikon tsai da shi. Akwai musalla, ɗakin sallah, a nan, in an gama dukkanmu za mu yi jam'i. Wakit yana nan da yawa, zauna, Allah ya yi maka albarka."

Yaron nan ya gaya mini gaskiya tsirara, da ladabi, da yaren uwata. Ni kuwa a raina na ce ai haka suke faɗa, in na fita dole akwai abin da zai danna. Kuma na riga na miƙe, mutane sun fara satar kallona, komawa in zauna ya yi mini nauyi. Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Sai na gyara murya, na juya Larabci don kowa ya amfana, na ce ba a haifi jarrabawar da za ta sa ni jinkirta sallah a garin Ɗakin Allah ba. Ban tsaya nan ba. Na dubi ɗakin gaba ɗaya na ce, "Assalah, ya jama'a, assalah."

Mai ƙaton cikin nan ya ɗauki abin toshe kunne da aka ajiye wa kowa a kan tebur, ya sa a kansa, ya ci gaba da aikinsa. Na fita ina taku ɗaiɗai, jallabiya tana kaɗawa, ina ji a jikina yau na bar tarihi.

Na tarar da mutum uku a masallacin, ɗaya ma barci yake. Na manta, ko na yi kamar na manta, cewa tsakanin kira da tayar da sallah sai an yi kusan minti ashirin. Ba abin da ya hana ni yin raka'a huɗu ni kaɗai in koma. Amma na zauna. Zan faɗi abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Sahun sallah ne kaɗai wurin da kafaɗar wani take taɓa tawa a garin nan. Sau biyar a rana wani ya matso kusa da ni, ya jera ƙafarsa da tawa, wani lokaci ma ya jawo hannun rigata don in cike gurbi. Ina son wannan fiye da yadda zan iya bayani, kuma ranar, da tsoro a cikina, na fi kowane lokaci bukatarsa.

Aka tayar, aka yi, aka sallame. Da na tashi a lokacin, da watakila na tsira da wani abu. Sai tsohon da ke damana ya miƙo mini hannu, ya riƙe nawa bai saki ba. Ya dubi fuskata ya tambaye ni da wata irin tsohuwar Hausa, ni ɗan ina ne. Na ce Yawuri. Ya ce bakin ruwa ke nan. Shi Bahaushen Sudan ne, a bakin kogi ya girma, ubansa masunci, shekara arba'in rabonsa da jefa koma. Sai ya ce, "Ɗana, har yanzu ana samun giwan ruwa a wajenku?"

Jama'a, shekara goma sha ɗaya ba wanda ya tambaye ni labarin ruwa. Na gyara zama. Na ba shi labarin giwan ruwan da mahaifina ya kama wanda sai da mutum uku suka ɗauka. Ya ba ni na wani kada da ya addabi garinsu. Muka yi gardama a kan wanda ya fi daɗi tsakanin ragon ruwa da tarwaɗa. Na nuna masa da hannu yadda ake shiga igiyar ruwa a karkace idan iska ta taso. Agogona yana can cikin akwatin ƙarfe, na bangon masallacin kuma na ba shi baya. Can ya tambaye ni me ya kawo ni unguwarsu, na ce jarrabawar tuƙin jirgi.

"Masha Allah. Yaushe za ka yi?"

"Ina cikin yi."

Ya sake mini hannu a hankali, ya juya ya dubi agogon bango. Ni ma na juya. Ƙarfe huɗu da minti ashirin da biyu.

Ban san da wane takalmi na fito ba, daga baya na ga ƙafa ɗaya ba tawa ba ce. Na tarar ana loda wata doguwar kujera a lif, na bi matakala, hawa huɗu, da shekara arba'in da tara a gwiwata. Usman yana bakin ƙofa. A ƙa'ida wanda ya bar benen ba ya komawa ciki, amma ya dube ni, ya dubi takalmana, ya sake laluba aljihuna kamar yadda aikinsa ya ce, ya buɗe mini. Na zauna ina haki kamar wanda kura ta koro, duk ɗakin ana jina. Agogon bai jira ni ko daƙiƙa ɗaya ba, saura minti biyu da 'yan kai. Fitilun nan biyu jajaye suna nan inda na bar su. Na shiga danne-danne ba karatu, duk amsar da hannuna ya faɗa a kai. Ina ta ashirin da shida kwamfutar ta rufe, ta gode mini.

A teburin waje aka miƙa wa kowa takardarsa. Tawa kalma ɗaya ce mai muhimmanci a ciki, kuma ko da Larabcin allo na gane ta. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho.

Amma ba faɗuwar ce ta fi ƙona ni ba. Musallar da Usman ya faɗa tana daidai gaban kujerun jira, bangonta gilashi. Ina zaune da takarda a hannu, mutanen nan da na yi wa wa'azi suka yi alwala ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, suna tambayar juna yadda ta kasance, wasu suna dariya. Rana tana nan da sauranta. Mai ƙaton cikin ya zo wucewa ta gabana, ya tsaya, ya ce, "Taƙabbalallah, ya shaikh." Fuskarsa ba alamar wasa, har yau ban san ko addu'a ya yi mini ko yanka ba. Sannan ya ce tunda ni na riga na yi tawa, in taimaka in riƙe masa jakarsa. Kafin in buɗe baki wasu biyu sun ɗora nasu a kan cinyata.

Haka na zauna, ni mai kiran mutane sallah, da jaka uku a jiki da takalmi bambam a ƙafa, ina kallon su ta gilashi sun jera sahu biyu kafaɗa da kafaɗa, Usman yana gaba. Ni kaɗai ne a falon. Ban taɓa jin kaɗaici irin na minti goman nan ba, ko a ɗakina na jikin gareji.

Da suka idar kowa ya karɓi jakarsa ya yi godiya. Usman ya kawo mini ruwa a kofin takarda, ya ce ma'alesh, wato in yi haƙuri, ya ce ya duba mini ko akwai gurbi kafin wata guda, babu. Sannan ya tambaya ko akwai wanda zai zo ya mai da ni gida. Na ce ai ni ne direban.

Shi Abu Faisal kam, na gaya masa gaskiya, ko in ce rabin gaskiya, rabin da ke da masallaci a ciki. Ya saurara har ƙarshe, ya ce Allah ya karɓa. Kafin mako ya zagayo ya ɗauki wani mutumin Jizan, garin bakin teku, mai rukhsarsa a hannu. Ita Rabi kuwa ce mata na yi kwamfutar ce ta ba da matsala, kuma har yau in zancen ya taso kwamfuta take tsinewa, ni kuma in yi shiru in bar baiwar Allah tana ɗaukar alhakin na'ura.

Bayan wata biyu na sake zama, da safe, lokacin hutu, na ci. Rukhsar tana cikin aljihun mota tare da takardun inshora. Duk Asabar nakan kai 'ya'yan Abu Faisal Shu'aiba, in sauke musu kulolin ƙanƙara da ƙugiyoyi, in kwance igiyar jirgin in jefa wa mutumin Jizan, ya ɗaga mini hannu. Mutumin kirki ne, ya iya aikinsa, na so in sami abin kushewa ban samu ba. Sai in koma mota in buɗe ƙofa, in zauna ina kallonsu har su zama ɗigo.

Abin da na koya bai da yawa. Yanzu in na ji tsoron Allah ya taso mini da ƙarfi daidai lokacin da wani abu ya gagare ni, nakan zauna tukuna in bincika, ko shi ne da gaske, ko tsoron abin ne ya ari rigarsa. La'asar ɗin ranar da ta jira ni har in gama tambaya ta hamsin. Jirgin ne bai jira ba.